Bindigar Baffa Usmanu a Bayan Iyakar Harami

Tun da na dawo daga Umra abokaina ba su bar ni na huta ba, kuma duk a kan hoto guda ne. Wani ɗan'uwa ne ya ɗauke ni a can ban sani ba, ya turo wa iyalina, daga nan hoton ya bazu a wayoyin malaman makarantarmu. Ga ni tsaye a gindin wani dutse cikin farar jallabiya, riƙe da doguwar bindiga irin ta sojojin da. Wasu suna tsokanata, wai Umra na je ko farauta. Waɗanda suka san abin da ya sami gidanmu ba sa wasa da maganar, sai dai su dube ni su ce, to Malam Sa'idu, yaya aka yi? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a ofishin malamai, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farkonsa.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Gusau, amma asalina ɗan ƙauye ne, kuma ɗan maharbi. Shekara biyu kafin tafiyar nan 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu da asuba suka kashe mutane, cikinsu har da ƙanena Lawali, wanda ya gaji mahaifinmu a gona da farauta. Na je aka yi jana'iza, na karɓi gaisuwa, na koma aiki. Ban yi kuka ba, kuma abin bai bar ƙirjina ba. Ko salla na idar na ɗaga hannu, ba na iya roƙon komai sai a halaka waɗanda suka yi aikin. Matata ce ta ga ina ramewa, ta yi ta matsa min har na yarda in tafi.

Da na je ƙauye sallama, Gwaggo Hauwa, ƙanwar mahaifina, ta ɗora min wani aiki. Ta tuna min da labarin da muka taso muna ji: lokacin da Turawa suka ci ƙasar Hausa, kakanta Malam Isa ya bi masu hijira gabas, ya tafi da babban ɗansa Mamman, ya bar matarsa da ƙaramin, Garba, wanda shi ne kakana. Ba su ƙara ganin juna ba. Wani alhaji ya taɓa zuwa da labari tun tana budurwa cewa zuriyar Mamman suna Makka. Ta ce ita ba ta da ƙafar zuwa, in nemo mata su ko da kabarinsu ne. Na amsa mata don kada ranta ya ɓaci, amma ban sa rai ba.

Daga Gusau na shiga motar haya zuwa Kano. Kafin mu kai Funtuwa an tsayar da mu a shingen jami'an tsaro ya fi a ƙirga, kowane wuri a sauka a buɗe jaka. A filin jirgi wani dattijo ɗan Haɗeja ya ba ni shawara in ɗaura haramina tun a ƙasa, don banɗakin jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne. Na bi shawararsa, na kuwa sha sanyi. Hanyar nan da kakanninmu suka yi shekara da shekaru suna takawa, mu mun tashi da hantsi, kafin rana ta faɗi muna Jidda.

A wurin duba fasfo injin ya ƙi karɓar zanen yatsuna. Jami'in, wani saurayi mai siririn gemu, ya sa na goge hannu, na sake ɗorawa, ya ƙi. Ya tambaye ni aikina, na ce masa mudarris, wato malami, na yi masa alamar rubutu da alli a allo. Sai ya yi dariya, ya ɗauko wani ɗan man shafawa ya ɗiga min a yatsu, injin ya karɓa. Kafin in fito motar ayarinmu ta kusa tashi, dattijon Haɗeja ne ya tsaya a ƙofarta ya hana direba.

Masaukin da kamfanin tafiyar ya kama mana a Ka'akiyya yake, da nisa daga Harami, sai an hau bas. Mu huɗu ne a ɗaki. Da safe akwai wani ɗan Afganistan a ƙasan benen yana gasa burodi mai faɗi da suke kira tamis, a haɗa da dafaffen wake da aka dama da man zaitun. Da rana shinkafa ce da kaza, gobe ma shinkafa da kaza. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin gaisuwa. A wurinmu sai ka tambayi mutum gajiya da iyali da aiki kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. A can sallama ɗaya ce, sai a ce me kake so. Ana kiran salla kuwa za ka ji ƙofofin kantuna suna sauka a jere, mai ciniki ya bar ka tsaye da kayanka a hannu.

Na yi Umrata washegarin isowarmu. A lokacin ana aikin faɗaɗa masallacin, injinan ɗaga kaya sun kewaye shi ta ko'ina. Na sha jin cewa duk wanda ya fara ganin Ka'aba sai ya zubar da hawaye, kuma na ga hakan da idona, don dattijon Haɗeja kuka ya yi kamar yaro. Ni na tsaya na duba, na yi ɗawafi, na yi sa'ayi, idona a bushe. Na fito na tarar takalmana sun ɓace, na taka dutse mai zafi har wurin bas. Wannan bushewar ta tsorata ni fiye da komai. Na ce a raina, in a nan ma zuciyar ba ta motsa ba, to ina kuma?

Ina da aboki a can, Malam Bashir, wanda muka yi kwaleji tare, yana karatun digiri na uku a fannin hadisi. Da na gaya masa saƙon Gwaggo, ya ce in akwai wanda zai sani to Hajiya Asiya ce, mai tuwo a Nakkasa. Nakkasa unguwa ce a jikin dutse, gidaje bisa gidaje, lunguna ƙanana da matakala, kuma a lokacin kowa maganar rusau yake yi. A nan na fara jin Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, amma Hausa ce mai Larabci a ciki. Na tsayar da wani saurayi baƙi kamata na yi masa Hausa, ya saurare ni har na gama, sannan ya ba ni amsa da Larabci cewa kakarsa ce mai jin wannan. Na ga mai gasa nama da ƙuli-ƙuli, Larabawa sun yi layi, na tambayi sunan abin aka ce sire. Tsirenmu ne ya yi hijira shi ma.

Hajiya Asiya ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce ba a maganar dangi da yunwa. Da na ambaci Mamman ɗan Malam Isa, mutumin Zamfara, ta shiga lissafin gidaje a ranta. Ta kira wata tsohuwa ta waya, wannan ta haɗa ta da wata. Kafin mu wanke hannu ta ce akwai wani Usmanu a unguwar Rusaifa, tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya, ana kiran ubansa Muhammad Zamfarawi. Ta ƙara da cewa mutumin kirki ne, sai dai yana da wata ɗabi'a ta son tsofaffin bindigogi, kada abin ya ba ni tsoro. Na yi mata godiya muka fito.

Washegari bayan la'asar Malam Bashir ya kai ni. Wani magidanci ya buɗe mana ƙofa, sunansa Khalid, babban ɗan gidan, Hausarsa ba ta wuce sannu da lafiya lau ba. Ya shigar da mu falo, ga wani tsoho a zaune, dogo, siriri, ya haura saba'in. Ina ganinsa na san namu ne, domin goshin mahaifina ne da kunnuwansa. Na zube zan gaishe shi irin ta gida, sai ya kama kafaɗata ya ɗaga ni, ya ce a garin ga ba a durƙusa ma mutum. Khalid ya nuna min yadda suke yi, a sumbaci kan babba.

Ya tambaye ni ni ɗan wane ne. Na fara jero masa, ina kaiwa kan Garba ya ɗaga hannu.

"Garba da aka bari yana ciwon ƙyanda?" in ji shi. "Ubana har ya mutu yana hwaɗin sunan ga. Cewa yakai bai sani ba ko ƙanen nan nashi ya tashi."

Na ce masa ya tashi, ya yi 'ya'ya tara, ni jikansa ne. Ya yi hamdala. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, wadda ko a ƙauye yanzu ba kowa ke yinta ba, sai dai ya riƙa jefa kalmomin Larabci irin su tayyib da ya waladi a tsakani. A nan take na kira Gwaggo. Na sa musu wayar a tsakiya, tsofaffi biyu 'ya'yan wa da ƙane da ba su taɓa ganin juna ba, suna ta gaisuwa suna maimaitawa, don babu wanda ya san ta inda zai fara. Khalid yana ta zuba min gahawa a ɗan ƙaramin kofi, ina shanyewa yana ƙarawa, sai da Malam Bashir ya raɗa min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Daga ranar Baffa Usmanu ya hana ni cin abincin masauki. Na gaya masa mahaifina ya rasu, Lawali ma ya rasu, amma ban faɗi yadda aka yi ba, shi ma bai tambaya ba. Da ya ji mu gidan maharba ne sai fuskarsa ta washe, ya ba ni labarin bindigar Malam Isa. Ya ce da ita suka fito daga gida, ta biyo ayarin fataken Tarabulus ne kafin ta zo hannun kakan nasa, kuma ubansa Mamman, yana yaro, shi ke ɗauke da ƙahon albarushi. Sun yi shekaru a hanya, suna noma a Sudan suna matsawa gaba. Bindigar ba ta iso Makka ba, amma Mamman bai daina siffanta ta ba: tsawonta ya kai haɓar mutum, ɗaurin ƙarfe uku a jikin bututun, da tambarin kambi a gefe.

Baffa ya ce da ya girma ya yi abokai mutanen Ɗa'ifa, masu wata rawa ta gargajiya da ake yi da bindigar ɗuri, mutum ya yi tsalle ya harba albarushi a ƙarƙashin ƙafafunsa. A wurinsu ya koyi ɗuri. Ya yi ta neman irin ta kakansa, amma tsofaffin da ya samu duk tsatsa ta cinye su, wanda ya harba su yana iya rasa hannu. Daga baya wani ya gaya masa cewa a arewacin Italiya akwai wani kwari da mutanensa suka gaji ƙera bindiga tun kaka da kakanni, kuma suna ƙera sababbi a kan siffar na sojojin da. Sun fara ne sosai lokacin da Amurkawa ke tunawa da cika shekara ɗari da yaƙin basasarsu, mutane suna son irin bindigogin da aka yi yaƙin da su. Ya sa aka aiko masa da guda, amma ya sha wahalar neman izini kafin ta zo hannunsa. Da na tambaya ko zan gan ta, ya ce ba ta taɓa kwana a gidan nan ba. Ubansa ya hore shi cewa ba a ɗaukar makami a cikin iyakar Harami, wadda ta haɗa har da unguwarsu, don haka tana can wata 'yar gona da yake da ita bayan an fita iyaka ta hanyar Jumum. Ya ce ranar Asabar za mu je, yana so ɗan maharbi ya gaya masa ko haka ta gida take ƙara.

Na so in ƙi. Amma tsoho ne da ya yi shekara saba'in yana jiran wani daga gida, ban ga ta inda zan ce masa a'a ba.

Khalid ne ya tuƙa mu da sassafe. Mun wuce alamar iyakar Harami, muka bar kwalta muka shiga wani kwari mai 'yan itatuwan dabino da ɗaki guda. Baffa ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da ita a naɗe cikin bargo. Ban taɓa ganin bindigar ɗuri mai kyanta ba. Itacen yana sheƙi, ƙarfen baƙi sumul, ga ɗauri ukun, ga kambin. A ƙarƙashin bututun an buga da ƙananan haruffa cewa a Italiya aka yi ta, kuma baƙin albarushi kaɗai ake zuba mata. Ya ce kwafin wadda sojojin Ingila suka riƙe ce a tsakiyar ƙarni na sha tara. Ya sa na leƙa bakinta na ga zane a murɗe a ciki, wanda ke sa harsashi ya juya ya tafi saiti. Adakar gidanmu, bindigar farautar mahaifina, ba ta da wannan, bututu ne kawai da maƙerin ƙauye ya haɗa da itace.

Ya nuna min harsasan da yake zubawa da kansa, na dalma, masu rami a gindi, ya shafe su da kakin zuma da man zaitun. Na ce masa ai a kan man shafa harsashin irin wannan bindigar aka taɓa yin babbar tarzoma a Indiya, da sojoji Musulmi da Hindu suka ji cewa da kitsen alade da na saniya ake shafawa, ga shi kuwa da haƙori ake yage takardar. Ya ce ya ji labarin, shi ya sa ba ya yarda da man da bai san asalinsa ba. Har zuwa nan hira muke yi irin ta masu son tarihi, ina jin zan iya.

Khalid ya kafa wani faifan ƙarfe a gindin dutse. Baffa ya tsayar da bindigar a ƙasa, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora harsashi a baki, ya zaro sandar ɗuri ya tura shi har ƙasa. Ya mayar da sandar, ya ja kunamar da ke bugun wuta baya, ya ɗora wata 'yar hula ta jan ƙarfe a inda wuta ke shiga. Ya ɗaga, ya yi bismilla. Ƙarar ba irin ta bindigogin yanzu ba ce mai tsaga kunne, wata ƙara ce mai nauyi da ake ji a ciki, ta bugi dutsen ta dawo. Faifan ya yi ƙara. Farin hayaƙi ya rufe shi, iska ta kwaso shi ta kawo min.

Warin ne ya kayar da ni. Ban ji shi ba tun ranar da na buɗe mayafin da aka rufe Lawali da shi. Na ja baya na zauna a kan wani dutse. Baffa bai lura ba, yana murna ya sami faifan, har ya zuba albarushi na biyu ya ɗora harsashi ya soma tura sandar, yana cewa wannan nawa ne. Da ya waiwayo ya gan ni, sai ya jingine bindigar a jikin tebur yadda take, ya taho.

A nan na gaya masa. Na ce da 'yan bindigar suka shigo, Lawali ya sa matarsa da yara suka bi ta bayan gida, shi ya tsaya a ƙofa da adakar mahaifinmu. Ya harba sau ɗaya. Su kuwa bindigoginsu ba sa jiran ɗuri. An same shi a zaune a jikin katanga, adakar a tsakanin ƙafafunsa, sandar ɗuri a cikin bakinta. Maharan ko ɗaukarta ba su yi ba, ba ta da amfani a wurinsu. Na ce har yau tana can ɗakinsa a yadda aka same ta, babu wanda ya iya taɓawa.

Baffa ya zauna a ƙasa kusa da ni, abin da na san gwiwoyinsa ba sa so. Ya fassara wa Khalid a taƙaice, Khalid ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce akwai abin da bai gaya min ba a labarin ubansa, don shi kansa ba ya son tunawa. Turawa sun cim ma masu hijirar a hanya, aka yi yaƙi, kuma Mamman ya gani da idonsa yadda mutane ke faɗuwa suna tsakar ɗuri, ana zuba musu wuta da bindiga mai ruwa, mai aman harsashi ba tsayawa. Malam Isa ya tsira, amma bai ƙara harba bindigar ba. Da suka iso bakin teku ba ƙwace ta aka yi ba, ba kuma sayarwa ya yi ba. Miƙa ta ya yi ga wani mai jirgin ruwa, ya ce shi da hannu wofi zai shiga.

"Ni wasa nika yi da ita, ɗana," in ji Baffa. "In na ji warin ga, ubana nika tunawa yana ba mu labari. Wallahi ban san har yanzu ana mutuwa da ita a hannu a gida ba. Ka yahe min."

Na ce babu abin yafewa. Rana tana ta hawa. Can Khalid ya yi wa ubansa magana da Larabci yana nuna tebur. Baffa ya ce min gaskiya ne, ba a mayar da bindigar ɗuri akwati da ciki, sai an fitar da abin da aka zuba mata. Ya yunƙura zai tashi daga ƙasa ya kasa, ga shi kuma Khalid bai taɓa harbawa ba, tsoronta yake ji.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama bindigar, na ƙarasa tura sandar har na ji harsashi ya zauna a kan albarushi, na zare ta na mayar wurinta. Hannuna ya tuna abin da mahaifina ya koya mana ni da Lawali muna yara, duk da na fi shekara talatin ban yi ba. Na ɗora hular, na sa gindinta a kafaɗa. Ban nemi faifan ba, dutsen kawai na nufa. Ta buge ni a kafaɗa, hayaƙi ya rufe min ido, kuma kafin ya washe kuka ya zo min, irin wanda ban yi ba a maƙabarta, ban yi ba a gaban Ka'aba. Baffa bai ce in yi haƙuri ba. Ya bar ni har na gama, sannan ya miƙo min ruwa.

Kafin mu tafi ya dafa ruwan zafi muka wanke bututun tare, don baƙin albarushi yana cin ƙarfe in ya kwana. Ruwan yana fita baƙi ƙirin, muna sakewa har ya fito fari. Muka busar da ita, muka shafa mai, ya naɗe ta ya kulle.

A hanyar dawowa, da muka iso Tan'im, inda mutanen Makka ke fita su ɗauki harami, Baffa ya ce Khalid ya tsaya. Ya tambaye ni ko Lawali ya taɓa zuwa. Na ce bai taɓa wuce Kano ba. Ya ce to mu yi masa. Muka yi wanka a nan, muka sayi harami, na yi niyya da sunan ƙanena. Baffa ba ya iya doguwar tafiya, a keken guragu na tura shi muka yi ɗawafi da sa'ayi. A wannan karon na iya yi wa Lawali addu'a, da matarsa da 'ya'yansa, da mutanen ƙauyenmu da ke kwana a daji. Ba zan ce na yafe wa waɗanda suka kashe shi ba, don ban yafe ba. Amma ranar ce ta farko da na ɗaga hannu na roƙi wani abu ban da halakarsu.

Sauran kwanakin na yi su tsakanin Harami da Rusaifa, sannan muka wuce Madina muka yi ziyara. Ranar rabuwa Baffa ya ba ni dabino da turare in kai wa Gwaggo, ya ce in Allah ya kawo zaman lafiya yana so ya ga garin da aka bar Garba. Na sumbaci kansa yadda aka koya min.

Da na dawo na kwana biyu a Gusau na wuce ƙauye. Bayan na gama da Gwaggo na shiga wurin Hadiza, matar Lawali, na nemi izininta in buɗe ɗakin. Adakar tana jingine a kusurwa, yanar gizo ta haɗa ta da bango. Na fito da ita tsakar gida, na zare sandar da ƙyar don ta yi tsatsa, na ɗura ruwa a bututun na bar shi ya jiƙa abin da ke ciki. Hadiza tana zaune a bakin ƙofa tana kallo. Na lanƙwasa waya na zura, na yi ta ja a hankali. Babu harsashi a ciki, bai kai ga sa shi ba. Albarushi ne kawai ya fito ya zama laka, sai wani ɗan tsumma da ya tura a kansa, irin wanda maharba ke toshe ɗuri da shi.

Zan jefar da tsumman Hadiza ta ce in ba ta. Ta sa shi a kwano ta zuba ruwa, ta murza da yatsu har baƙin ya fita, zanen atamfa ya bayyana, shuɗi da ɗigon rawaya.

"Zanena ne," in ji ta. "Da ya tsufa ya ce in ba shi ya riƙa yagowa."

Ta matse shi, ta shimfiɗa a kan gwiwarta ta gyara gefunansa, ta zauna tana jira ya bushe.